In An Yi Shiru Fa?

A kamfanin da ke kafa wa mutane intanet, a hawa na biyu, can ƙarshen baranda kusa da ɗakin da ake jibge kwalayen kebul, akwai wani teburi da ba a taɓa ganin takarda a karkace a kansa ba. Mai teburin mace ce da ta ba hamsin baya, gajera, mai tabarau mai kauri da take ratayawa da igiya a wuya. A gabanta ma'aikata Anti suke ce mata. A bayanta kuwa sunanta In-An-Yi-Shiru. Ta san da sunan, bai kuma taɓa ɓata mata rai ba, don ita ta jawo wa kanta. Ba a tashi daga taro sai ta ɗaga biro ta ce, "To, na ji. In an yi shiru fa?"

Aikinta ba hawa sanda ba ne, ba jan kebul ba ne. Kamfanin yana da wasu 'yan na'urori da ake maƙalawa a bango a shaguna da makarantu da ƙananan asibitoci, su karɓo intanet su raba wa mutanen ciki. Ma'aikata akwati suke ce wa kowace. Kafin akwati ya fara aiki akwai tambayoyin da yake yi wa mai kafa shi, Anti ce kuma ke tsara su. Ita ke yanke wacce za ta zo a gaba, wacce ke cikin wacce, wacce dole a amsa, wacce kuma in mai kafawa ya tsallake akwatin zai cike wa kansa. Wannan na ƙarshe shi take kira zaɓin shiru, kuma a kansa ta yi furfura.

Duk sabon ma'aikaci sai ya zauna a kujerar gefen teburinta ya sha bayani iri ɗaya, ko da takardunsa sun fi nata.

"Ka ɗauka gida ne mai ƙofa biyu," take cewa. "Akwati yana son ya san ta ina zai karɓo intanet. Ƙofar farko kebul, ta biyu sim. In ba ka ce komai ba, ƙofar kebul zai bi. Ka shiga ta kebul, sai ka tarar da wasu ƙofofi biyu a ciki: ko akwati ya nemo lambarsa ta intanet da kansa, ko kai ka ba shi da hannu. Nan ma in ka yi shiru, da kansa zai nemo. In kuwa ka ce da hannu, to ka ɗauko wa kanka dole, sai ka rubuta lambar. Ka shiga ta sim, dole tana nan bakin ƙofa tana jiranka, sai ka ba shi kalmar sirrin sim ɗin kafin ya motsa. Amma dolen ɗakin sim ba ta da iko da wanda ke ɗakin kebul. Ba a tare mutum da tambayar ɗakin da bai shiga ba."

Sai ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta ƙara da wanda ta fi so a riƙe. "Kuma ba a ajiye dole a bayan ƙofar shiru. Wanda bai ce komai ba, kada ka kai shi inda za a ce sai ya yi magana."

Wannan ƙa'ida ba tata ba ce, haka take a wajen duk masu irin aikin. Akwai ma wata manhaja a ofis da ke duba kowane tsari kafin a tura wa akwatuna, in ta ga an karya ƙa'ida ta ƙi bari ya wuce. Mai Gadi suke ce mata. Sai dai ita Anti ba a bakin Mai Gadi ta fara jin maganar ba, a shagon mahaifinta ta ji.

Mahaifinta tela ne. Shagonsa ƙunci gare shi, keke biyu da teburin yanka, sai benci ɗaya da ya sha zama har ya yi sheƙi. Mutum zai zo da sauri ya ajiye yadi ya ce a ɗinka masa riga, ya wuce tasha. Tsohon ba ya bin kowa da kira. Yana da ɗinkin da yake yi wa wanda bai ce komai ba: dogon hannu, aljihu ɗaya, babu kwala. Ta taɓa tambayarsa me ya sa babu kwala, alhali ita ta fi kyau.

"Kwala sai da awon wuya," ya ce mata. "Wanda ya ce kwala, ya tsaya in auna shi. Wanda bai ce ba, ba ni da dalilin riƙe shi."

Da yayi ya canza, kowa ya koma gajeren hannu, mahaifiyarsu ta yi ta yi da shi ya canza ɗinkin nasa. Ya ƙi. Ya ce masu ajiye yadi su tafi ba wai ba su zaɓa ba ne, sun zaɓi abin da suka san zai yi. In ya canza bai gaya musu ba, ya ci amanarsu. Haka ya ci gaba da dogon hannunsa har idonsa ya daina ganin kafar allura.

Ta shiga aikin ofis da buga takardu, daga nan ta koyi kwamfuta a ajin yamma, tana goyon ɗanta na fari. Da kamfanin ya fara harkar akwatuna aka rasa mai haƙurin zama ya jera tambayoyi ɗaya cikin ɗaya, sai aka tura mata. Ta zauna, ba ta sake tashi ba.

Mijinta direban bas ne da ciwon baya ya saukar da shi daga kujera. Injiniya yake ce mata in yana son tsokana, wato kullum. Gidan nasu ma bai tsira daga tsarinta ba. Ɗan da bai ce ba zai zo cin abinci ba, za a ajiye masa. Wanda ya ce zai zo da baƙi, dole ya faɗi yawansu kafin ya ajiye waya. Shayi kuma, in ba ka ce komai ba, babu sukari.

"Na ɗauka mace na auro," direban yakan gaya wa surukansa, "ashe na'ura ce mai ɗaura ɗankwali."

"Na'urar ce ta hana ka ciwon sukari," takan amsa daga kicin.

A cikin dubban akwatunan kamfanin akwai ɗaya da take ji da shi kamar ɗan cikinta. Ƙanwarta ungozoma ce a wani ƙaramin ɗakin haihuwa can ƙetaren kogi, inda likita ba ya zuwa sai jefi-jefi. An kafa musu farantin kamo intanet a kan dutse, aka jawo kebul har cikin ɗakin, aka maƙala akwati a saman kabad ɗin magani. In haihuwa ta zo da gardama, ƙanwar takan kira likitan birni ta bidiyo, ya gani da idonsa, ya gaya mata abin da za ta yi. Wanda ya kafa akwatin bai rubuta masa komai ba, kamar yadda Anti ta koya masa: kada ka gaya wa akwati abin da ya riga ya sani. Ya soka kebul, fitila ta yi kore, ya kama hanya kafin kwale-kwalen yamma ya tashi.

Shekaru suka yi ta tafiya, sai idonta na hagu ya fara hazo. Ta canza tabarau, ta ƙara girman rubutu a kwamfuta, ta ɗora laifin a kan fitilar ofis. Ranar da ta zuba gishiri a madarar jikarta, direban ya ce ya isa haka, ya sa ta gaba har asibiti. Likita ya ce yanar ido ce, sai an yi aiki. Aka sa rana a tsakiyar damina.

A ranarta ta ƙarshe a ofis kafin aikin, tana kulle durowa, sabon manajansu ya leƙo. Mutumin kirki ne, mai son ya sauƙaƙa wa ma'aikata. Ya ce yanzu kusan duk sababbin masu karɓar akwati sim suke so, masu kafawa kuma suna ƙorafin kullum sai sun tsaya sun zaɓi sim da hannu. Me zai hana a mayar da sim ya zama zaɓin shiru? Ga shi ma ranar Laraba za a tura wa duk akwatuna sabon tsari, sai a haɗa gaba ɗaya.

Hankalinta yana kan wuƙar likita. Kanta yana sarawa, fuskar manajan ma kamar ta cikin ruwa take ganinta. Ta juya wajen abokin aikinta da zai riƙe mata teburi, wani magidanci mai gemu da ake ce wa Malam Yanzu-Yanzu, don duk abin da ka roƙe shi amsarsa ke nan.

"Ka ji abin da Manaja ya ce. Ka juya shi zuwa sim ranar Laraba kafin ku tura."

"Yanzu-yanzu, Anti. Ke dai Allah ya sa a yi a sa'a."

Ta ɗauki jakarta ta sauka. Tun da take aikin nan, ranar ce ta fara tashi daga magana ba ta yi tambayarta ba. Babu kuma wanda ya yi a madadinta, don kowa ya saba ita ke yi.

Aka yi aikin ido ranar Talata, aka sallame ta da auduga da filasta a rabin fuska. Likita ya jero mata dokoki yana kallon mijin, don ya ga alamar wa zai fi riƙewa. Ban da sunkuyawa, ban da ɗaukar nauyi, ban da kallon waya ko kwamfuta, ban da hawa hanya mai gargada, ban da kuka.

"Ban da ba da umarni fa, likita?" direban ya tambaya.

"Wannan kam ba ni da maganinsa," likitan ya ce.

Da hantsin Laraba tana kwance rigingine a ɗaki, labule a sauke, ruwa yana ɗiga daga indararo cikin bokiti. Wayarta tana aljihun direban, ya ce ba za ta fito ba sai da izininsa. Sai ga kiran ƙanwarta ta bidiyo. Ya amsa, ya juya fuskar wayar wajen bango don kada haske ya taɓa idon, ya ƙara murya.

"Yaya, bangon ɗakinku nake gaisarwa ko ke?"

"Ni ce. Gandirobana ne ya juya ki. Ya aiki?"

"Aiki da godiya. Kogi ya cika ya batse, kwale-kwale ya daina ƙetarawa tun shekaranjiya. Ga shi ina da wata mai tagwaye, ɗaya a gicciye yake kwance, yau ko gobe. Amma likita yana dubanta safe da yamma ta wayar nan, ya ce in naƙuda ta tashi in kira shi ko yana wanka."

"Akwatin bai ba ku matsala?"

"Akwatinki? Ai ya fi mijina sauƙin hali. Tun da aka kafa shi ba wanda ya taɓa ce masa uffan, shi ma bai taɓa tambayar kowa komai ba."

Suka yi dariya, suka yi sallama. Direban ya mayar da waya aljihu ya fita ɗora ruwan shayi. Anti ta gyara kwanciya, murmushin bai gama barin fuskarta ba. Ba wanda ya taɓa ce masa uffan. Ta sake juya maganar a ranta, sai murmushin ya ɗauke.

Akwatin ƙanwarta bai san yana kan kebul don an rubuta masa ba. Yana kan kebul ne don nan ƙofar shiru take. Yau in aka tura sabon tsari, zai mutu ya tashi, ya duba ya ga ba a ce masa komai ba, ya nufi ƙofar sim. Babu sim a cikinsa. Zai tsaya nan a makance, kebul yana soke a jikinsa yana kallonsa. Kuma ba a iya gyara shi daga ofis, don hanyar da za a bi a yi masa magana ita ce ta yanke. Sai mutum ya je da ƙafarsa. Kogi kuma ya cika.

"Malam!" ta ƙwala wa mijinta kira. "Malam, zo da wayar nan!"

Ya shigo da cokali a hannu. "Idon ne?"

"Kira min Yanzu-Yanzu. Maza."

Ya laluba da babban yatsa yana mita, ya kira. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya sake. Anti ta dafe goshi, don ta tuna dalili. Ranar tura sabon tsari kowa a kwando yake zuba wayarsa a ƙofar ɗakin manyan na'urori, kada kira ya raba wa mutum hankali. Ita ta kawo wannan doka. Kwandon ma daga gidanta ta kai shi.

"Gwada Manaja."

A kashe. Ya gwada wayar teburin karɓar baƙi, aka ɗauka, mai shara ce. Ta ce mai teburin ta fita banki, ita kuma an hana ta hawa sama da rigar aiki in ana tura abu, amma in ta ga wani ya sauko za ta faɗa masa.

Anti ta yaye bargo ta sauko da ƙafafu tana laluben takalmi.

"Ina zuwa?"

"Ofis."

"A wace motar? Tawa tana wajen bakanike. Babur za ki hau, a hanyar nan da ruwa ya farfashe, da ido a ɗinke?" Ya koma ya tsaya a bakin ƙofa ya cika ta da jikinsa. "Injiniya, shekara nawa ina bin dokarki a gidan nan, har da shayi kamar ruwan wanki. Yau ke za ki bi tawa."

"Kafin azahar suke turawa. In suka tura, akwatin ƙanwata ya mutu, matar nan kuma ba likita." Ta dafa ƙirjinta. "Ni na ce a yi. Da bakina."

Ya dube ta, wasan ya bar fuskarsa. Ya ajiye cokalin a kan kabad.

"Kada ki yi kuka, an hana. Ni zan je. Faɗa min abin da zan ce."

"Bayanka fa?"

"Bayana ba a ɗinke yake ba. Faɗa min."

"Ka ce kada a juya zaɓin shiru. A bar shi a kebul. In mai gadin ƙofa ya hana ka, ka ce ni na aiko ka. In sun rufe ɗakin, ka buga har su buɗe."

"Buga ƙofa kam na iya." Ya zauna a gefen gado yana nishi yana cusa ƙafa a takalmi, yana maimaitawa kamar mai haddar karatu. "Kada a juya. A bar shi a kebul. Kada a juya."

Ita kuwa lissafin hanya take yi a ranta, ta san ko ya samu babur a ƙofar gida da wuya ya riske su. Ta tuna tsohon tela da dogon hannunsa, kunya ta rufe ta kamar yana tsaye a ɗakin.

Direban ya sa takalmi ɗaya ke nan wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ciro ya miƙa ta nesa da fuska yana ƙanƙance ido.

"Mai gemun nan ne."

"Ɗauka! Ƙara murya!"

"Anti, don Allah ki yi haƙuri," muryar Malam Yanzu-Yanzu ta fito a ladabce. "Na san an ce kada a dame ki. Ya jikin? Na fito ɗauko wayata ne in tambaye ki wani ɗan abu, sai na ga kin kira."

"Kun tura?"

"Ina fa. Mai Gadi ya ƙi. Tun ɗazu muke fama da shi."

Ta koma da baya a hankali har kanta ya taɓa matashi. Wata ajiyar zuciya ta ƙwace mata, doguwa, har direban ya matso ya duba ko suma ta yi.

"Anti? Kina ji na?"

"Ina ji. Me ya ce?"

"Na juya zaɓin shiru zuwa sim kamar yadda kika ce, sai Mai Gadi ya nuna ja. Wai akwai dole a bayan ƙofar, kalmar sirrin nan. Ni kuma na ga abin mai sauƙi ne, in cire dolen kawai ya wuce. Har na kai hannu, sai na ce ke kika sa ta, bari dai in ji ta bakinki. In cire?"

"Malam, ina hannunka yake yanzu?"

"Hannuna? Ga shi riƙe da waya."

"Ɗayan fa?"

"Yana nan."

"Sa shi a aljihu. Ka sa?"

"Na sa, Anti."

"To saurara. Akwatunan da muka kafa tun farko, waɗanda ba a rubuta musu komai ba, ta wace ƙofa suke shiga?"

"Ta kebul mana, ai ita ce ta shi..." Ya tsaya. Ta ji ƙarar fankokin ɗakin na'urori a bayansa, ta ji ya ja numfashi. "Innalillahi."

"Ka gani ko?"

"Duk su koma neman sim. Anti, ai sun fi rabin akwatunanmu! Sai dai waɗanda aka ba lamba da hannu."

"Waɗannan sun tsira, tun da sun ajiye kaya a ɗakin kebul an san suna ciki. Masu shirun ne abin ji. Har da na ɗakin haihuwa a ƙetaren kogi."

"Subhanallahi. Da na cire..."

"Ba ka cire ba, ka tambaya. Laifin kuma ba naka ba ne, ni na ba ka umarnin ban yi tunani ba. In Manaja ya tambaya, haka za ka gaya masa, kada ka rage. Yanzu koma ka mayar da shi kebul yadda yake, ka bar dolen a inda ka same ta."

"To buƙatar Manaja fa? Masu kafawa suna jira."

"Sababbin akwatunan sim, a rubuta musu sim tun a sito kafin su fita. Mai kafawa ya tarar an buɗe masa ƙofar, kalmar sirri kawai zai sa. Tsofaffin kuma a bar su da shirunsu."

"Yanzu-yanzu, Anti."

"A'a. Yau dai a hankali-a hankali."

Ya yi dariyar da ba ta gama fita daga tsoro ba, ya kashe. Direban yana zaune da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"In cire ke nan? Na riga na haddace saƙon fa. Kada a juya."

"Cire. Allah ya yi maka albarka."

"Ikon Allah. Ashe sai an ɗinke miki ido kike ganin alherina."

Bayan azahar saƙo ya shigo, direban ya karanta mata da ƙarfi: Mai Gadi ya yi kore, an tura. Ta san yanzu akwatuna suna mutuwa suna tashi ɗaya bayan ɗaya a shaguna da ajujuwa. Ta ce ya kira ƙanwarta. Ya kira, bai shiga ba. Ta ce ya sake. Bai shiga ba. Ta kama gefen zanin gado ta murɗe.

"Ke kike cewa sai akwati ya mutu ya tashi," ya ce. "Ba shi lokaci ya sa wando mana."

Ya sha ruwa, ya gyara labule, ya sake kira. Sai ga murya ta cika ɗakin, da kukan wani jariri can a bayanta.

"Yaya, lafiya? Ba ɗazu muka rabu ba?"

"Lafiya lau. Wace kala fitilar akwatin take?"

"Bari in duba. Kore ce. Ta ɗan ɗauke ɗazu ta dawo. Wani abu ne?"

"Ba komai. Muryarki nake son ji."

"Muryata? Tun yaushe? Yaya Malam, wace allura suka yi mata a asibitin nan? Ku aiko min da ita in yi wa mijina."

Tagwayen sun zo da asubar Juma'a, likita yana kallo ta waya da aka jingina da kwalbar magani, yana gaya wa ungozoma inda za ta sa hannu. Mace da namiji, uwa kuma lafiya. Ƙanwar ba ta taɓa sanin abin da ya kusa faruwa ba sai bayan da kogi ya janye ta zo gida, shi ma direban ne ya fesa mata, ya ƙara gishiri, har da cewa ya kai bakin titi da ƙafa ɗaya ba takalmi.

Da Anti ta koma aiki, ido ya washe har tana ganin ƙurar da ke saman kabad, abu biyu ta canza. Ta ce ranar tura tsari a bar waya ɗaya a kunne a cikin ɗakin, sauran su shiga kwando. Sannan a taron farko, da Manaja ya gama bayani ya dube ta yana jiran biro ya ɗagu, sai ta naɗe hannu ta yi gum. Aka yi tsit. Can Malam Yanzu-Yanzu ya yi gyaran murya ya shafa gemu.

"To, mun ji. In an yi shiru fa?"

Aka fashe da dariya, har da ita. Tun daga ranar ba ta yin tambayar sai ta ga babu wanda ya yi.

Da yammar ranar ta dawo gida ta zauna a baranda ta miƙe ƙafa. Direban ya kawo mata shayi ya ajiye a kan 'yar kujera, ya koma gefe yana kallon sama. Ta kurɓa, ta tsaya, ta leƙa cikin kofin.

"Malam, sukari nake ji."

"Kin ce wani abu da zan haɗa?"

"Ban ce komai ba."

"To na juya zaɓin shiru."

"Ba a juyawa sai an gaya wa masu shiru."

"Ai ga shi ina gaya miki."

Ta harare shi da sabon idon, tsaf take ganinsa har furfurar da ke cikin girarsa. Ta sake kurɓa. Cokali ɗaya ne ya sa, bai cika ba ma. Ta riƙe kofin da hannu biyu ta shanye.